Rijiyar Da Ba Ta Cikin Taswirar Tafinta

Assalamu alaikum, mutanen wannan zaure. Naku ne dai, Sha-Yashi, tsohon direban da ya keta sahara sau arba'in da ɗaya ya dawo da ƙafafunsa biyu. Yau ba daga tsakar gidana nake muku magana ba. A waya nake faɗa ina tura wa 'yata, ita kuma ta buga muku kamar kullum, don ni har gobe ban san inda baƙi yake sa gaba ba. Uwata, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min baki.

Wanda bai san ni ba ya sani yanzu. Shekarata saba'in da 'yan kai, matata ta rasu shekara shida ke nan, kuma ina son wata mata. Ku yi dariyarku, na sha wadda ta fi wannan.

Mai ɗinki ce a layinmu. Hajiya nake ce mata. Shagonta ɗaki ɗaya ne da ɗan ƙuryar ajiya, keke biyu, teburin yanka, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, da wata fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Kullum da zaren awo a wuyanta, allura soke a bakin mayafi. A ƙofa akwai benci. Ni na gyara masa ƙafa da hannuna, kuma shekara biyu ke nan ba wanda ke zama a kansa bayan la'asar sai ni. Ina ba ta labarin hanya, tana taka keke tana cewa, "Kai Direba, ka ga duniya."

A gida kuwa ba a bar ni na huta ba. 'Ya'yana maza sun ce abin kunya ne. Ita wannan mai buga muku labarin cewa take, "Baba, shekara biyu kana goge wa matar mutane benci. Ko ka tura a yi magana, ko ka dawo gida ka zauna da jikokinka." Ni kuma in ce mata mutumin da ya kwana tara a cikin yashi ba ruwa ba a koya masa haƙuri.

To, ga yadda maƙiyina ya shigo layin.

Kun san shekarun baya manyanmu da manyan tsallaken teku sun zauna a wani ɗaki mai sanyi sun sa hannu a takarda. Su za su ba da motoci da jiragen nan marasa matuƙi masu leƙe daga sama, mu kuma mu toshe hanya kada talakanmu ya kai bakin ruwansu. Ranar da aka sa hannun, sana'ar da na tsufa a cikinta ta zama laifi. Motata tana can bayan ofishin jami'an tsaro, tsatsa na cinta shekara goma sha ɗaya. Bara kuma sai aka buɗe wani ofishi a ƙarshen layinmu, na karɓar waɗanda aka koro daga can. Ofishin ya ba Hajiya aikin ɗinka musu riguna da zannuwan gado. Wanda ke kawo mata awon kuwa shi ne mai yi wa ofishin fassara, Tafinta.

Ku ji siffarsa. Siriri, da tabarau, da riga mai guga wadda karinta zai iya yanka albasa, da turare da ke riga shi shigowa. Wai harshe huɗu yake ji. Gemunsa baƙi wuluk, amma ni na ga gindin gashin, fari ne fat. Matarsa ta rasu shi ma. Kuma mutumin nan, ranar farko, ya dube ni ya ce, "Sannu Baba."

Na ce, "Malam, a wace shekara na haife ka?"

Hajiya ta yi dariya har ta saki keke. Na ɗauka na ci wasan. Ashe an fara ne.

Abin da ya fi cina shi ne saƙo. Ni in zan yi wa Hajiya magana a waya, murya nake turawa, kowa a shagon ya ji. Shi kuwa rubutu yake yi. Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, ta karanta, gefen bakinta ya ɗan motsa, ta kife wayar a kan yadi. Ina zaune taku biyu da ita, ina ganin baƙaƙen nan jere kamar tururuwa, ba abin da zan iya yi da su. Na taɓa cewa, "Wa ye?" Ta ce, "Maganar aiki ce." Jama'a, tun yaushe awon zanin gado ke sa mace murmushi?

Amma akwai abu ɗaya da nake da shi wanda shi ba shi da shi.

Hajiya tana da ɗa namiji ɗaya tal, Auta, mai walda ne, shekara ashirin da shida. Tun da aka rushe rumfunan bakin titi aikinsa ya tsaya, ya kafe sai ya tafi tsallake. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta haɗa shi da kawunansa, a banza. Da ta ga in ta hana shi zai bi duk motar da ya samu, wa ta nema? Ba mai harshe huɗu ba. Ni ta kira cikin ƙuryar ajiya, tsakanin dilolin yadi, ta rage murya.

"Direba, tunda sai ya tafi, ina son ya bi hanyar da ba za a zubar min da shi ba."

Na ce mata akwai tsohuwar hanya. Akwai rijiya a kanta wadda ba hukumar da ta san da ita, kuma mutum ɗaya ke bin ta yanzu, Gurgu, wanda ni na koya masa tuƙi tun gashinsa na baƙi. Tafiyar ɓoye yake yi a hankali, rana ta biyar yake isa rijiyar, a huta, a cika jarkoki.

Ta riƙe bakin rigata, abin da ba ta taɓa yi ba. "Daga ni sai kai sai Allah. Ka riƙe bakinka, Direba. Na san ka."

Na ce, "Hajiya, ni kabari ne."

Ranar Litinin Auta ya tafi. Ranar Talata bayan la'asar na saka farar rigata mai aiki a wuya, na goge takalmi, na nufi shago ina jin kaina kamar mijinta, tunda ni ke riƙe da sirrin gidan. Ina zuwa na tarar da Tafinta a kan bencina. Ba ma a gefe ba, a tsakiya, daidai inda katakon ya lotsa da zamana. Ya shimfiɗa wata ƙatuwar taswira a kan teburin yanka, an danne kusurwoyinta da almakashi da dutsen guga. Hajiya ta sunkuya tana kallo, idonta ya yi ja don kwana biyu ba ta barci, shi kuwa yana ta zuba.

"Yanzu ai an gama da sahara," in ji shi. "Mu da na can mun haɗa bayanai. Kowace hanya, kowace rijiya, ga ta nan. Ɗigon nan shuɗi ruwa ne. Ko mutum ya ɓata, cikin yini biyu an gano shi."

Na san abin da ya sa take kallo. Ɗanta take nema a cikin takardar. Yanzu na san haka. A lokacin abin da na gani kawai shi ne kanta kusa da kafaɗarsa. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, ilimi da daɗi."

Jama'a, shekara biyu ina ba matar nan labarin yashi da bakina, da tabon da ke ƙafata, da haƙorin da na bari a can. Ba ta taɓa ce min komai da daɗi ba. 

Ta shiga ƙurya ta haɗa masa kayan da aka gama. Muka rage mu biyu.

Na ce, "Malam Tafinta, takardar nan taka ta taɓa jin ƙishirwa?"

Ya yi murmushi. "Baba, an zo? Bismillah, ga wuri."

"Wurin ai nawa ne. Tambaya na yi."

"Takarda ba ta jin ƙishirwa, amma ba ta mantuwa, ba ta kuma ƙara gishiri a labari."

"Ni ne mai ƙara gishiri?"

"Ban ce ba. Amma kwana taran nan, wancan makon na ji kamar bakwai ne."

Na taka har gaban teburin. "Rabin rijiyoyin sahara ba sa cikin wannan tabarmar taka."

"Duk tsofaffin direbobi haka suke ce mana," ya ce, yana goge tabarau da gefen riga. "In aka ce su nuna ɗaya, sai su ce sun manta. Ba laifi ba ne, Baba. Shekaru ne."

Shekaru ne! Wallahi ko sunan Auta bai gilma min ba. Ba abin da ke kaina sai "ilimi da daɗi" yana kaɗawa kamar ƙararrawa. Na ce masa ya buɗe kunnensa huɗun. Daga shingen jami'ai na ƙarshe, ka bar kwalta, ka sa rana a kafaɗarka ta dama da hantsi. Yini guda sai ka ga baƙaƙen duwatsu biyu kamar raƙuma a durƙushe. Ka bi ta tsakaninsu, kada ka bi ta dama, yashin can na haɗiye mota. Daga nan akwai busasshen kwari, ka bi shi har inda wani dutse ya tsage biyu. Rijiyar na ƙarƙashin tsagar, an rufe ta da murfin ganga an zuba yashi.

"Jirginku na sama ya gani?" na ce. "Ya gani?"

Murmushinsa ya ɗauke. Ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya fara rubutu, har yana cewa in maimaita wajen duwatsun. Na maimaita, har da ƙari. Da Hajiya ta fito da ƙullin kaya, ta tarar da shi yana ce min, "Gaskiya na raina ka, Direba." Direba fa ya ce, ba Baba ba. Na zauna a bencina na miƙe ƙafa. Ranar ko sallama da ƙarfin murya na yi ta.

Na koma gida kafin magariba, Uwata na tsakar gida tana ninke wanki. Na ba ta labari tiryan-tiryan, ina yi ina kwaikwayon muryarsa. Ba ta yi dariya ba.

"Baba, ka ce ya rubuta?"

"Da hannunsa, har yana cewa in maimaita."

"Littafin nan wa yake kai wa?"

Ta ajiye wankin ta matso kusa da ni.

"Ofishinsu ba da 'yan sintiri suke aiki ba? Baba, akwai masu bin hanyar yanzu?"

Na ja bokiti na zauna a kai. 

Bari in gaya muku abin da ba a rubuta a takardar manya ba. Tun da aka mai da sana'ar laifi, direban da ya hango ƙurar 'yan sintiri ba ya tsayawa. In an kama shi da mutane, kurkuku ne da ƙwace mota. Sai ya ce wa fasinja su sauka zai duba taya, suna sauka ya taka wuta. Ba ruwa, ba inuwa, ba wanda ya san gabas. 'Yan sintiri su bi ƙurar motar, mutanen kuma su watse cikin yashi don tsoro. Gurgu zai yi haka. Na san zai yi, don ranar da aka ƙwace motata ni na zaunar da shi na ce masa, in ka ga ƙura, sauke kaya ka ceci kanka. Uwata, rubuta wannan ma. Ni na koya masa.

Na kira wayar Gurgu sau ba adadi. A kashe. Duk mai bin hanyar cire batir yake yi tun daga shinge, kada a bi sawunsa.

Laraba da sassafe ina ƙofar ofishin tun kafin mai gadi ya gama shara. Ɗakin Tafinta ƙarami ne, tebur, kujera biyu, tulin takardu, da hoton wani jirgin ruwa a bango. Ya ɗago ya gan ni, ya faɗaɗa fuska.

"Direba! Ai jiya ka yi mana babban aiki. Shugaban ofishinmu ya ji daɗi ƙwarai."

"Ba ni takardar."

"Wace?"

"Wadda ka rubuta. Ƙarya na yi maka. Ba wata rijiya. Gishiri ne, kai ma ka faɗa."

Kun san abin da ya ci min kafin in ce da bakina ni maƙaryaci ne, a gaban wannan mutumin? Amma ya dube ni ta saman tabarau ya girgiza kai.

"Ba ƙarya ba ce. Jiya da yamma aka duba hoton sama, an ga duwatsun, an ga kwarin. Bayanin ya wuce sama, an tura wa na tsallaken teku ma. Gobe 'yan sintiri za su tashi, Juma'a suna wurin. Ba ni da ikon dawo da shi, shugaba ma ba shi da shi. Me ya faru?"

Juma'a ce rana ta biyar.

Na ja kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Na gaya masa komai. Da na ambaci Auta, biron da ke hannunsa ya faɗi.

"Autan Hajiya? Ta ce min ya je wajen kawunsa neman aiki."

Ku ji halin ɗan Adam. A wannan hali, da ran yaro a tafin hannuna, sai da wani sanyi ya ratsa ni: ashe shi ƙarya ta yi masa, ni ta gaya wa gaskiya. Allah Ya yafe min.

Ya tashi ya fita. Na ji muryarsa a ɗakin shugaba, yana magana da harshen da ban sani ba, yana ɗaga murya, abin da ban zaci yana iyawa ba. Da ya dawo gugar rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Akwai motar ceto ta ofis, mai ɗaukar ruwa da magani. An yarda ta tashi yau da azahar, ta riga su da yini guda. Amma hoton sama ba ya nuna inda yashi ke haɗiye mota. Sai da ɗan jagora."

"Ga ni."

"Tsaya ka ji. Sai ka dangwala yatsa a takarda cewa kai ka haɗa tafiyar. In mun dawo za a tuhume ka. Auta kuma gida za a dawo da shi, ba tsallake."

Na ce ya kawo tawada. Na kuma ce masa in mun isa za a ɓoye motar bayan dutse, ni kaɗai zan tsaya a bakin rijiya. Gurgu in ya ga mota zai gudu, in ya ga ni zai tsaya.

Yana goge min yatsa da auduga sai ya rage murya. "Direba, game da Hajiya. Zan iya ce mata jirgin sama ne ya gano wurin. Ba sai ta san daga inda maganar ta fito ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Wato in zauna a bencin nan sauran rayuwata da alherinsa rataye a wuyana, kullum ya shigo ya dube ni, mu biyu mun sani. Na ce masa ya riƙe kirkinsa, bakin da ya yi ɓarnar shi zai kai labarinta.

Tare muka je shagon. Tana yanka wani shuɗin yadi. Ta ga mu biyu a jere, abin da ba ta taɓa gani ba, ta ajiye almakashi.

"Lafiya?"

Na faɗa mata a tsaye, daga bakin ƙofa. Ban rage komai ba. Har dalilin na faɗa, na ce, "Kin ce masa ilimi da daɗi, ni kuma na kasa haɗiyewa."

Na zaci za ta yi ihu, ko ta jefe ni da dutsen guga. Da ta yi da na gode. Sai ta dafa tebur, ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Saboda kalma uku, Direba?"

Ta girgiza kai ta ci gaba.

"Na ce maka na san ka. Ashe ni ce ban san kaina ba, da na ba ka."

Ta cire zaren awo daga wuyanta ta naɗe shi a hankali. Sannan ta juya ga Tafinta, ba gare ni ba.

"Malam, kai ma za ka?"

"Za ni, Hajiya."

"To kai na damƙa wa. Ka dawo min da ɗana." Ta nuna ni da haɓa ba tare da ta kalle ni ba. "Shi kuma ya nuna hanya. In an same shi, na yafe. In ba a same shi ba, kada ya sake biyowa ta layin nan, ko a makara."

Ni zan nemo rijiyar, ni zan tsaya a rana in tare Gurgu, ni za a kai gaban alƙali, amma shi aka damƙa wa. Na buɗe baki, na tuna abin da buɗe shi ya jawo, na rufe.

Yanzu haka muna gidan mai na ƙarshe kafin shinge. Direban ofis yana cika tanki, ma'aikaciyar jinya na ƙirga jarkokin ruwa. Sun ce daga nan waya ba ta kamawa. Na zagayo bayan ɗakin injin ne don kada a ji ni, saboda akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko ke Uwata.

Shekara goma sha ɗaya rabona da hanyar nan, kuma yashi tafiya yake yi. Wannan ba komai, na san halinsa. Amma tun bara idona na hagu ya mutu, na dama kuma abu in ya wuce taku ɗari hayaƙi nake gani. Shi ya sa nake gane mutane da murya kuna cewa wayo ne. Duwatsun nan biyu daga nesa ake hango su, in ka wuce su da ɗan kaɗan ka shiga yashin da ba a fita. In na faɗa yanzu za su juya da motar, Auta kuma ya rage shi da ƙurar Juma'a.

Ɗazu Tafinta ya biyo ni da gorar ruwa, ya miƙo min, ya tsaya yana kallon inda kwalta ta ƙare.

"Direba, tsakaninka da Allah, za ka gane wurin?"

Na karɓa na kurɓa, na gyara hulata.

Na ce, "Malam, shiga mota. Kai dai ka zauna gaba kusa da ni, duk abin da ka hango ka faɗa da ƙarfi, in gani ko tabaran nan naka na da amfani."